Batiran da Na Yi Gadi a Shekarar da Aka Jingine Babura

Ba a yin mako guda wani matashi bai tsaya a ƙofar shagona da ke hanyar kasuwar Zuru ba, ya dubi katakon da na jera batira a kai, ya ce, "Baba Bawa, wannan ai ba aiki ba ne. Jar waya a kan ja, baƙa a kan baƙi, ka jona wuta ka koma ka zauna." Ba na musu da kowa. Mitar auna wuta nake miƙa wa mutum, in ce ya nuna mini wanne daga cikin batiran nan zai kai damina, wanne kuma ya riga ya mutu amma yana nuna kamar da ransa. Har yau ban samu wanda ya faɗa daidai a karon farko ba. Tunda kun tambaya, ku gyara zama in gaya muku yadda aikin yake.

Batirin farko da na kashe da hannuna na wani malamin makaranta ne. Lokacin ina koyon rewaya, wato gyaran wutar mota da babur, a wurin maigidana Malam Garba, mutumin Argungu da ya zauna a Zuru har ya tsufa. Caja ɗaya gare mu, ƙatuwa, mai nauyin buhun gero, wadda ake cika batirin babbar mota da ita. Malam ya tafi masallaci, malamin makarantar ya zo yana sauri, ni kuma ina so in nuna na iya. Na ɗora ɗan batirin babur ɗinsa a kan cajar nan, na murɗa ta zuwa ƙarshe. Kafin Malam ya dawo batirin yana tafasa kamar tukunya, gefensa ya kumbura, warin ruwansa ya cika shagon.

Malam Garba bai ɗaga murya ba. Ya kashe cajar daga bango tukuna, ya buɗe ƙofa da taga, sannan ya ce, "Bawa, taho nan. Aza hannunka ga batirin ga. Mi ka ji?"

Na ce, "Zafi, Malam."

Ya ce, "To duk ranar da ka ji haka, ka riga ka makara. Ƙaramin batir a hankali yake cin wuta. In ka ɗura mishi, ya lalace."

Shekara shida na yi a hannunsa. A wurinsa na koyi cewa ba a kunna ashana kusa da batirin da ke caji, domin iskar da yake fitarwa tana kama wuta. Na koyi cewa in ruwan batir ya yi ƙasa, tataccen ruwa ake ƙara masa, ba ruwan rijiya ba, ba kuma ƙarin asid ba. Na koyi goge kan batir da burushin waya har ya yi haske kafin in zargi batirin da komai, saboda rabin baburan da ake turowa shago wai batir ya mutu, farin garin da ya taru a kansa ne kawai ya hana wuta wucewa. Da ya sallame ni, abu biyu ya ba ni: tsohuwar mitarsa mai allura da filaya guda. Mitar ta daina aiki tuntuni. Filayar ce wannan da ke rataye a bayana.

Wata ma'aikaciyar asibiti, Sista Naomi, ita ce ta fara sa ni tunani a kan batirin da ba ya lalacewa da aiki sai da zama. Roba-roba take hawa, irin ƙaramin babur ɗin nan na mata da ake tayarwa da maɓalli. Daga gidanta zuwa wurin aiki bai fi tafiyar minti biyar ba. Duk bayan 'yan watanni sai ta zo da batir a mace, ta ce an sayar mata da jabu. Na auna wutar da injin ke bayarwa, lafiya lau. Na bi wayoyi ko akwai inda wuta ke zurarewa, babu. Sai na tambaye ta nisan da take yi a rana. Da ta faɗa, na gane. Wutar da sitata ke ja wajen tayar da inji ta fi wadda injin ke mayarwa a tafiyar minti biyar. Kullum batirin yana kwana da rabin ciki, kuma batirin da ya daɗe bai cika ba, wani farin abu ne ke daskarewa a jikin farantan da ke cikinsa, ya rufe su. In ya daskare sosai, babu cajar da za ta narkar da shi. Na ce mata ta riƙa kawo shi duk Asabar in cika shi a hankali. Batirin da ta saya a lokacin ya haura shekara biyu.

Daga baya wani direba da ke zuwa kudu ya kawo mini wata 'yar caja da ba ta fi tafin hannu ba. Masu sayarwa suna ce mata fulot caja. Ni ina ce mata caja mai gadi, domin aikinta ke nan. Tana cika batir a hankali, in ya cika sai ta rage wutar da kanta, ta tsaya wajen bolt goma sha uku da ɗan wani abu, tana mayar masa da ɗan abin da yake zubarwa yana zaune. Ba ta tafasa shi, ba ta barin shi ya sauka. Ana iya barin batir a kanta wata da watanni. Amma ku riƙe wannan: gadi take yi, ba ta da magani. In ka kawo mata mataccen batir, wasu irinta ko kunnawa ba sa yi. Mai lafiya ake ba ta ta tsare.

Na ajiye ta a shago ina amfani da ita jefi-jefi, har shekarar da tsaro ya lalace a yankinmu. Kun san shekarar, wasunku a lokacin ne iyayenku suka taso daga ƙauye. 'Yan bindiga suna yawo a kan babura, sai aka taƙaita hawa babur a hanyoyin daji, man fetur ma ya yi wuyar samu a wajen gari. Mutanen Ribah da Kanya da ƙauyukan Sakaba da suka saba shigowa kasuwa a kan babur, buhu a baya, mata a tsakiya, duk suka daina. Da yawa sun kwaso iyali sun dawo cikin Zuru wurin 'yan uwa, sun jingine babura a zaure ko bayan rumbu, sun rufe da buhu. Shagona da ake layi a cikinsa ya koma wurin da nake wuni ina korar ƙuda. Masu rewaya biyu a layinmu suka rufe, ɗaya ya koma sayar da rake.

Wani manomi daga wajen Ribah, Ango, shi ya turo babur ɗinsa da ƙafa ranar wata kasuwa, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ce wata huɗu bai taɓa shi ba, yanzu matarsa ba ta da lafiya, yana so ya riƙa kai ta asibiti a cikin gari, amma ko hon ba ya yi. Na sa mita. Batirin da ya kamata ya nuna sha biyu da rabi yana nuna ƙasa da takwas. Na gwada shi kwana biyu a kan ƙaramar wuta, ya ƙi riƙewa.

Ya ce, "Oga Bawa, sabo ne fa. Ban yi wata biyu da saye ba muka gudo."

Na ce, "Na yarda sabo ne. Zaman ne ya kashe shi, ga kuma zafin bazara. Batir ko ba ka taɓa shi ba yana zubar da wuta kaɗan-kaɗan, a cikin zafi kuwa ya fi sauri."

Sai ya ce, "To a unguwar da muka sauka akwai babura sun fi goma a jingine. Duk haka za su yi ke nan?"

Maganarsa ce ta ba ni aikin da ya riƙe ni a shekarar. Na kafa katako a bangon shago inda iska ke shiga, na yi masa hawa uku. Wutar gari ba abin dogaro ba ce, don haka na ɗora farantin sola biyu a kan rufi, na haɗa da babban batir guda da 'yar imbata mai juya wutarsa ta koma irin ta gida. Caja mai gadi ba ta cin wuta, ko goma ka jona ba su kai firji ɗaya ba. Na bi unguwannin da baƙi suka sauka, na je majami'u da masallatai na roƙi a sanar: duk wanda ya jingine babur ya ciro batirin ya kawo, ni zan tsare masa har ranar da zai hau. Kowane batir na rubuta sunan mai shi da fenti a gefe. Ladan aikin, wasu hatsi suke kawo mini, wasu kaza, wani tsoho ma ya kawo daurin itace, na karɓa.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi kowanne girma a aikina, kuma na yi shi ina da furfura. Batira suka fi ƙarfin cajojin da nake da su. Wani mai kayan wuta da ke yawo kasuwa-kasuwa ya nuna mini wasu masu araha, kwalinsu da hoton babur, da koriyar fitila a jiki, ya ce aikinsu ɗaya. Na sayi guda biyar. Ban gwada su ba. Na jona, na ga koriyar fitila ta kama, na ce shi ke nan. Bayan kamar mako biyu na buɗe shago da safe, hancina ya gaya mini kafin idona ya gani. Batira uku sun kumbura, ɗaya a cikinsu ya tsage, ruwansa ya ci katakon. Na ɗauki sukundireba na buɗe cajar guda. Babu komai a ciki sai ɗan taransifoma da 'yan wayoyi. Koriyar fitilar a jikin wutar shiga aka ɗaura ta, ko babu batir za ta kama. Abin ba ya sanin cika, turawa kawai yake yi. Da na auna, ya haura sha biyar yana ci gaba.

Ɗaya daga cikin ukun na wani dattijo ne daga Kanya, Baba Tanko, wanda ya kawo batirinsa a naɗe cikin zanen matarsa. Ban jira ya zo ba, na je inda ya sauka, na same shi yana gyaran fartanya.

Na ce, "Baba, batirinka ya lalace a hannuna. Ba laifinsa ba ne, cajar da na sa masa ce ba ta da kyau, kuma ni ne ban duba ba. Ga sabo na kawo."

Ya juya sabon a hannunsa, ya ce, "Da ka yi shiru ka ce da ma matacce na kawo, ina zan sani?"

Na ce, "Ni na sani."

Ya miƙo mini shi, ya ce, "To mayar da wannan ɗin ma ka ci gaba da tsaro. Ba yanzu za mu koma ba."

Awaki biyu na sayar na maye batiran nan. Tun daga ranar babu cajar da ke hawa katakona sai ta yi jarrabawa. Ina ɗora ta a kan cikakken batir nawa na kaina, in maƙala mita, in riƙa leƙawa daga safe har la'asar, kwana uku a jere. In ta sauka ta zauna tsakanin sha uku da sha huɗu, ta ci. In na ga tana hawa, kwandon shara. Kuma ko mai kyau ce, kowace Litinin ina bin batiran ɗaya bayan ɗaya. Bayan hannu a gefe, kada in ji ɗumi. Kunne kusa, kada in ji tafasa. Masu murfi in leƙa ruwansu. Sau ɗaya a wata in cire kowanne daga caja, in bar shi ya kwana, washegari in auna, sannan in ɗora masa kwan fitilar gaba in ga ko zai riƙe haske. Wannan ne aikin da kuke gani kamar zama.

Akwai batir ɗaya da ya fi kowanne daɗewa a wurina, kuma ba na ɗan gudun hijira ba ne. Kun san garin nan, da wuya ka shiga gida uku ba ka samu na soja ba. Wata mata da muke zuwa coci ɗaya, Maman Joy, ta zo da batir a cikin bokiti ta rufe da tsumma. Mijinta, Saja Yohanna, an tura shi aiki arewa maso gabas. Kafin ya tafi ya sayi babur sabo, bai hau shi ya kai wata uku ba. Ya bar mata umarni ta riƙa tayar da shi duk mako, amma ita ba ta iya buga kik, wato tayar da shi da ƙafa, ba, kuma ba ta son ba wa samarin unguwa makulli.

Ta ce, "Baba Bawa, ya ce in ya dawo da shi zai riƙa zuwa gona. Ba na so ya tarar na bar masa kaya sun lalace."

Na auna, yana da sauran rai, sha biyu da kaɗan. Na cika shi a hankali kwana biyu, na ɗora shi a hawan sama a kan cajar da na fi yarda da ita. Na ce mata ta rufe fanfon mai, ta ɗaga babur ɗin a kan jak ɗinsa na tsakiya kada tayoyi su kwanta, ta rufe shi. Duk ranar kasuwa in ta zo cefane sai ta leƙo ta ce, "Yana nan?" In ce, "Yana nan, Maman Joy." Ta dubi sunan mijinta da ke rubuce da fenti, ta wuce. Aka yi damina, aka yi girbi, aka yi Kirsimeti, hanyoyi suka fara buɗewa, masu batira suka riƙa zuwa suna ɗauka. Katakon ya yi ta raguwa, nata yana nan. Akwai lokacin da ta yi kusan wata biyu ba ta leƙo ba. Na ji a coci cewa an harbi Saja, yana asibitin sojoji. Na ci gaba da duba batirinsa ranar Litinin kamar sauran.

Shekara guda da 'yan watanni bayan ta kawo shi, ta shigo shago da hantsi, ba ta tsaya a ƙofa ba kamar yadda ta saba. Ta zauna a kan benci, ta rage murya.

Ta ce, "Ya dawo. An sallame shi daga aiki. Gwiwarsa ta dama ce, an sa ƙarfe a ciki. Yana takawa da sanda, amma likita ya ce kada ya buga komai da ƙafar."

Na ce, "Sannu. Allah ya ƙara sauƙi."

Ta ce, "Tun da ya dawo bai fita ƙofar gida ba. Jiya na same shi ya yaye buhun babur ɗin yana kallon kik. Ya ce in nemo mai saye, wai ba zai riƙa kiran yara su tayar masa da babur kamar tsoho ba. Baba Bawa, in ya sayar da babur ɗin nan, ɗaki zai koma ya zauna. Na san shi."

Na ce ta je, ina zuwa bayan azahar. Na sauke batirin, na bar shi ya huta, na auna: sha biyu da ɗigo bakwai. Na ɗora masa kwan fitila, hasken bai girgiza ba. Na sa shi a jaka da sufana da galan ɗin sabon mai.

Na tarar da Saja a ƙarƙashin bishiyar mangwaro a tsakar gida, ƙafar a miƙe a kan kujera. Mutum ne dogo, ya rame. Muka gaisa. Ya ce, "Baba, ko kai ne mai sayen?" Na ce ni kayansa na kawo masa. Na shiga aiki, domin batir kaɗai ba ya tayar da injin da ya shekara a tsaye. Na zubar da tsohon man da ya yi tsami a tanki. Na kwance kafireta na wanke ta, na hure ƙananan ramukanta. Na ciro fulogi na goge, na ɗiga ɗan baƙin mai a ramin, na taka kik a hankali da ƙafata sau da yawa don injin ya saki jiki. Na ba tayoyi iska. Sannan na zaunar da batirin a gidansa, jar waya tukuna, baƙa daga baya, na shafa ɗan girisi a kawunan. Duk wannan yana kallona.

Na murɗa makulli, fitilar allo ta kama kore shar. Babur ɗin yana da maɓallin tayarwa, sai dai Saja da kik ya saba. Ban taɓa maɓallin ba. Na ce, "Saja, zo ka tayar da kayanka."

Ya ce, "Ka san ba zan iya kik ba."

Na ce, "Ban ce kik ba. Babban yatsanka lafiya yake?"

Ya dubi matarsa da ke tsaye a ƙofar kicin, sannan ya ɗauki sandarsa ya taso. Ya ɗauki lokaci kafin ya ɗaga ƙafar ya haye. Na ja cok mai taimaka wa inji mai sanyi ya kama, na ce ya danna. Sitata ta juya da ƙarfi, injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Na ce ya ƙirga goma ya sake. Ya sake, injin ya kama, hayaƙi ya cika tsakar gidan, kaji suka watse. Ya bar shi ya yi zafi, ya gwada taka birki da ƙafar, ya ga tana iyawa. Sai ya kashe injin da kansa, ya sake dannawa. Ya tashi nan take. Ya kashe, ya danna. Ya tashi.

Na ce, "Saja, ya isa haka. Shekara guda na yi ina tara wutar nan, kada ka ƙarar mini da ita a tsakar gida."

Ya yi dariya, ya miƙa wa Maman Joy sandar ya ce ta riƙe masa a baya. Ta ce ina za su? Ya ce gona, yana so ya ga abin da aka shuka ba ya nan. Ta shiga ɗaki ta ɗauro ɗankwali, ta hau, sandar a kwance a cinyarta. Ni na buɗe musu ƙofar gidan, na kuma rufe ta bayan sun fita, na tattara kayan aikina na koma shago da ƙafa.